Tambaya da Amsa: Wai me ke cikin cocin ƙasa na Navrongo da har ake kwasar yara zuwa gani?

Assalamu alaikum jama'ar Zango, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon saƙonni huɗu ne suka faɗo kan abu ɗaya, biyu daga ciki ma da alama makaranta ɗaya ce ta haɗa su, dan haka na ce bari in jera su wuri guda in amsa, sauran tambayoyin ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Kawu salam, ni malama ce a wata makarantar Larabci da boko a Aboabo nan Kumasi. Duk shekara muna kai yaran ajin ƙarshe yawon buɗe ido, bara Cape Coast muka je, bana hedimasta yace arewa za'a, Paga wajen kadoji, sai naga a takardar ya saka harda wani tsohon coci a Navrongo. Ni aka ɗorawa yiwa iyaye bayani ranar mitin kuma wallahi ban san komai a kai ba, kar in miƙe gaban mutane in fara kame-kame. Dan Allah me ke cikin cocin nan? Malama, Aboabo.

Wa'alaikumus salam Malama, kin kyauta da kika tambaya kafin ranar mitin. Toh abu na farko da zaki gaya musu shine ginin ƙasa ne. Ba bulo ba, ba dutse ba, tubali ne da aka shanya a rana aka ɗora shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, irin dai ginin da kakanninmu suka tashi a ciki, amma tsawonsa ya kai wajen mita 60, faɗi wajen 14, ga hasumiyar ƙararrawa daga gaba, kuma tun 1920 yake tsaye har yau ana shiga ana ibada a ciki. Ki lissafa da kanki, ya haura shekara 100. A arewacin Ghana gaba ɗaya shine uwar cocunan Roman, wato na Katolika, daga nan abin ya bazu zuwa sauran garuruwa.

Yadda akai kuwa, a watan Afrilu 1906 wasu 'yan mishan su uku suka sauko daga Wagadugu suka sauka a Navrongo, lokacin wurin gidaje ne a warwatse cikin gonaki, kowane gida da gonarsa kewaye da shi. Abinda ya koro su shine a 1905 gwamnatin Faransa tayi dokar raba coci da gwamnati, sai suka ji tsoron kar wata rana a wayi gari an kore su daga ƙasashen da Faransa ke mulka, gara su samu wurin sa ƙafa a ɓangaren Ingilishi. Cikinsu akwai Fada Oscar Morin, mutumin Kanada, wanda daga baya a 1934 ya zama bishop na wurin, cocin kuma ya zama kujerarsa. Sun fara da ɗan ƙaramin ɗakin ibada a 1907, sukai wani da ya fi shi a 1910, da jama'a ta ƙaru sai akai wannan babban a 1920. A 2006 da mishan ɗin ya cika shekara 100, Fafaroma Benedict na 16 ya ɗaga darajarsa zuwa abinda suke kira ƙaramar basilika, wato wani girmamawa ne da fadar Batikan ke ba cocin da ke da tarihi na musamman. Sunansa da Turanci Our Lady of Seven Sorrows, suna nufin Nana Maryam da baƙin ciki bakwai da a aƙidarsu ta sha a kan ɗanta.

Akwai wani abu da yara za su so ji. Ƙungiyar waɗannan 'yan mishan ana ce musu fararen fada, mutane da yawa suna ɗauka saboda fatarsu ce, alhali saboda kayansu ne. An kafa ƙungiyar a Aljeriya a 1868, wanda ya kafa ta Kadinal Lavigerie yasa su riƙa sa farar jallabiya da alkyabba irin ta Larabawan can, su rataya carbinsu a wuya, dan kar su zama baƙi a idon mutane. In kika ga tsofaffin hotunansu da gemu buzu-buzu zaki rantse wasu shehunan Magrib ne.

Amma Malama duk wannan tarihin takarda ne, abinda zai sa in ce a kai yara yana ciki. A shekarun 1970 aka gayyato mata daga Sirigu, wani ƙauye da ke kusa wanda matansa suka shahara da zanen bango, aka ce su ƙawata cocin yadda suke ƙawata ɗakunansu. Ba su zo da fenti na gwangwani ba. Jar ƙasa da farar ƙasa da baƙin launi suka niƙa, sukai zanen da suka gada wajen iyayensu, murabba'ai da kusurwoyi da layi-layi, dabbobin da suka sani, sannan suka haɗa da labaran littafinsu, mala'iku, haihuwar Annabi Isa, jibin ƙarshe da almajiransa, wasu zanen ma ba a kwance suke ba, an tayar da su da ƙasa sun fito daga jikin ginshiƙi kana iya shafa su da hannu.

Ni da hunturu na je, rana tsaka, motar da ta ɗauko mu daga Bolga, wato Bolgatanga, ta sauke mu kowa yayi fari fat da ƙura leɓe duk ya tsage. Ina sa ƙafa ciki sai naji sanyi ya sauko min kamar an buɗe randa, ba fanka ba komai, kaurin bango ne kawai. Ginshiƙai sahu biyu sun miƙe har gaba, haske na shigowa kaɗan-kaɗan ta tagogi. Na tsaya jikin wani ginshiƙi na ɗora tafin hannuna, santsi kamar bayan ƙwarya, kuma in ka matso da ido sosai kana ganin sawun dutsen da aka goge wurin da shi, layi kan layi, inda hannun matar ya bi ya dawo ya bi ya dawo. Sai na duba ƙasa naga daɓe ne. Wallahi Malama a take kakata ta faɗo min a rai, Allah ya jiƙanta, ranar da ake daɓen tsakar gidanmu mata sun cika gida kowa da madaɓinta suna bugawa suna waƙa, mu yara ana aikenmu ɗebo ruwan makuba. Daɓen cocin nan da tsakuwa da kashin shanu da ruwan ɓawon ɗorawa akai shi, wato abinda mu muke kira makuba ɗin nan dai, hannu ɗaya ne, sana'a ɗaya ce. Yaranki da aka haifa kan tayil ba su taɓa taka irinsa ba, kuma a Aboabo ban san gidan da zaki kai su su taka ba yanzu.

Dan haka in kin tashi a mitin ki ce musu za'a kai yara su ga yadda mutanenmu na arewa suka gina abu mai girman gaske da ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsu, mata sukai masa ado, ya shekara ɗari bai faɗi ba. In hedimasta zai yarda a ƙara Sirigu a tafiyar ya fi, akwai ƙungiyar mata masu tukwane da zane a can, SWOPA, tun 1997 suke, yara za su ga ana yin zanen a gabansu har su sa hannu.

Malam barka da aiki. Ɗiyata tana cikin yaran da makarantarsu za ta kai arewa, naji wai harda shiga coci. Ni gaskiya raina bai kwanta ba. Na kai yarinya makarantar Musulunci dan in tsare mata addininta, sai kuma makarantar da kanta ta ɗauke ta ta kai ta coci? Me zai kai ɗan Musulmi wurin? Kar ka ɓoye min komai. Alhaji, Yalwa.

Alhaji ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka ba, kuma ban ga laifinka ba ko kaɗan. Uban da bai tambayi inda za'a kai ɗiyarsa ba shine abin tsoro. Eh akwai hotuna da siffofi a ciki, akwai gicciye, akwai mutum-mutumin Nana Maryam, a harabar ma akwai wani kogo da suka gina dan addu'a, duk wanda yace maka gidan tarihi ne kawai bai faɗa maka daidai ba, wurin ibadar mutane ne mai rai.

Maganar hukunci kuwa ta malamai ce, kuma sun daɗe da yin saɓani a kai. Akwai waɗanda suka karhanta shiga saboda siffofin, suna kafa hujja da abinda aka ruwaito daga Sayyidina Umar cewa ya ƙi shiga coci saboda hotunan da ke ciki, akwai kuma waɗanda suka ce shiga ba dan ibada ba babu laifi. Ka samu malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa ka zauna da shi, ka faɗa masa abin yadda yake, ziyara ce ta rana, ba lokacin ibadarsu ba, tare da malaman makaranta. Abinda ya gaya maka ka riƙe. Mu nan Ghana mun ga misali da idonmu, a watan Afrilu 2019 Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, lokacin yana cika shekara 100, ya je cocin Roman na Christ the King a Akra ranar Ista ya zauna, ba ibada ta kai shi ba, zumunci da zaman lafiya ya kai. Ka tuna yadda akai ta magana a zangunanmu, wasu suka yaba wasu suka soka, har yau in ka tayar da zancen a majalisa sai an rabu biyu. Na kawo maka shi ne dan ka san ba yau aka fara wannan muhawarar ba kuma manya sun tsaya a kowane ɓangare.

In ra'ayina kake so, ni nawa na bar su sun je, kuma zan sake bari. Dalilina shine yarinyar nan a Kumasi take zaune ba a wani tsibiri ba. Mai sayar mata da tumatur a Kejetia, nas ɗin da za ta yi mata allura, wanda ke haya ɗaki a gidanku, da yawansu Kasena ne ko Frafra daga can yankin, wasu kakanninsu ne suka ɗebo ƙasar da aka gina wurin a ka. Muna zaune da su shekara da shekaru a zango, suna jin Hausa kamar mu, suna zuwa sunanmu da jana'izarmu, ranar sallah mu aika musu nama, amma ka tambayi ɗanmu daga ina maƙwabcin nan ya fito sai yace "arewa" shikenan, kamar arewa gari ɗaya ne. Ni wannan yana damuna ƙwarai. Kuma imanin da aka dasa da kyau a gida, tsayuwar rabin awa a cikin gini ba ta tumɓuke shi, abinda na gani ma yaran suna dawowa da tambayoyi ne, su me suka ce kan Annabi Isa mu me muka ce, sai ka samu ƙofar buɗe musu Suratu Maryam ku karanta tare a tsanake, abinda watakila da ba'a je ba ba zai taso ba.

Amma haƙƙinka ne, ba na hedimasta ba. Ina kira ga makarantar, Malama ta Aboabo in taku ce ki isar, a rubuta a takarda a fili cewa akwai shiga coci, kowane uba yasa hannu ko ya ƙi, yaron da ba'a yarje masa ba ya tsaya a inuwa tare da malami ɗaya ya kalli ginin daga waje, kar a tsangwame shi kar abokai suyi masa dariya. A tsara tafiyar yadda azahar za ta same su a masallaci, Navrongo akwai Musulmi akwai masallatai. Kuma kar a kai su ranar Lahadi.

Oga salam. Ni magini ne shekara 22 ina aikin bulo a Kumasi. Naji ana cewa wai coci na ƙasa ya shekara ɗari a tsaye. Ni fa ban yarda ba, ɗakin ƙasa a ƙauyenmu damina biyar in ba'a taɓa shi ba ya zube. Ko dai akwai siminti da rodi a ciki an rufe da ƙasa dan masu yawon buɗe ido? Magini, Asawase.

Masta sannu da aiki, tambayarka ta fi kowacce yi min daɗi dan ta mai sana'a ce. Kuma amsar tana cikin bakinka, kai da kanka ka ce "in ba'a taɓa shi ba". Toh wannan ana taɓa shi. Sirrin kenan gaba ɗaya, babu rodi a ciki.

Ka fi ni sanin abinda ke kashe ginin ƙasa, ruwa ne ta sama da ruwa ta ƙasa, sai gara. Ta sama, cocin nan rufin kwano ne mai gangara a kan katako, ba soro ba ne da ruwa zai kwanta a kai yana neman tsaga, dan haka kan bangon a rufe yake. Ta ƙasa, dole a kula ruwan sama ya gudu nesa da gindin bango, kar a bari ya taru, kar ciyawa ta kama wurin. Sai yaɓe, wanda shine rigar ginin, shi ake bari ruwa ya ci a madadin tubalin, in ya zaizaye a sake. Makuba kuma aikinta ta ɗaure fuskar yaɓen da daɓen ta sa ruwa ya riƙa zamewa. Ka haɗa da cewa can ba kamar Kumasi ba ne da muke da damina biyu ga laima kullum, can damina ɗaya ce sannan rani mai tsawo da ke busar da bango har cikinsa. Ɗakin ƙauyenku da ya zube ba ƙasar ce ta gaza ba, masu ɗakin ne suka taho Kumasi neman kuɗi ba wanda ya rage ya yaɓe shi.

Maganar siminti kuwa, bari in baka labarin da ya kamata duk magini a ƙasar nan ya sani, kuma namu ne na Musulmi. Masallacin Larabanga da ke kusa da dajin Mole, wanda ake cewa yana cikin mafi tsufa a Afirka ta Yamma, a shekarun 1970 aka shafe shi da siminti da yashi, da kyakkyawar niyya, wai dan a huta da yaɓen kowace shekara. Me ya faru? Ƙasa tana numfashi, tana shan laima daga ƙasa ta fitar ta jikin bango in rana ta fito. Da aka rufe ta da siminti sai laimar ta rasa hanyar fita ta zauna a ciki, bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye daga waje kuma kana ganinsa lafiya lau, gara ta samu wurin zama ta cinye itatuwan da ke riƙe da ginin, har wani sashe ya rushe. Sai a 2002 da aka tashi gyara na gaske aka ɓamɓare simintin gaba ɗaya aka koma yaɓen ƙasa irin na da. Hukumar gidajen tarihi ta Ghana da wata cibiyar masana ginin ƙasa ta Faransa mai suna CRAterre sun yi aiki a Larabanga, sun yi a cocin Navrongo ma, kuma abinda suka dogara da shi a duka biyun masu sana'ar na cikin gari ne, dan su suka san ƙasar wurin.

Ka duba Djenne a Mali, babban masallacinsu na yanzu ginin 1907 ne, kusan sa'an mishan ɗin Navrongo, na ƙasa ne, duk shekara gari gaba ɗaya ke fitowa rana guda a yaɓe shi, yara na kwaɓa ƙasa mata na ɗebo ruwa samari na hawa. A Zariya ma masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19 bakan gizon rufinsa na ƙasa da azara ne. Ba sai ka je nesa ba ma, nan bayan Ejisu akwai Besease, ɗaya daga tsofaffin gine-ginen Asante da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka a jerin kayan tarihin duniya tun 1980, ƙasa da itace ne da zane a jikin bango, trotro ɗaya zai kai ka.

Abinda ke ci min rai Masta, mu da muka zo ƙasar nan da sana'ar gini a hannunmu mu muka fi kowa saurin zubar da ita. Zauren gidanmu da kakana ya gina, inda fatake masu goro ke sauka su kwana, bangonsa sai ka miƙa hannu biyu kafin ka kama kaurinsa, muna ji muna gani aka rushe shi cikin kwana biyu aka jera shaguna, ko hoto ba wanda ya ɗauka, har da ni a masu cewa ai ci gaba ne. Yanzu ɗakunan da aka yi a wurin in wuta ta ɗauke da dare ba mai iya kwana ciki. Ban ce kowa ya koma ginin ƙasa a tsakiyar Asawase ba, fili ya yi tsada dole a hau sama, amma tsoffin masallatanmu na unguwa da suka rage fa? Duk wanda ya samu kuɗi abu na farko sai yace a rushe a sa tayil, yana ganin lada yake nema. Mutanen Navrongo da jama'arsu tai yawa ba su rushe tsohon ba. Kai da ke da shekara 22 a sana'a, in ka je kar ka tsaya kallon zane kawai irin namu, ka zagaya baya ka duƙa ka duba gindin bangon da inda ruwa ke bi, ka nemi wanda ke kula da gyaran ku yi magana ta magina, nasan zaka ga abinda ni ban gani ba, in ka dawo ka rubuto mana.

Kawu ni ɗalibi ne a Nima, muna gardama da abokina, yace cocin Navrongo shine coci mafi tsufa a Ghana kuma yana cikin jerin UNESCO. Gaskiya ne? Sannan in mutum zai je ta ina zai bi? Ɗalibi, Akra.

Ɗana abokinka ya kusa amma bai kai ba. A arewa ne ya fi tsufa cikin cocunan Roman. A kudu an riga shi nesa ba kusa ba, Turawan Fotugal sun yi ibadarsu a Elmina tun 1482, mishan ɗin Roman na wannan zamanin kuma a 1880 ya sauka Elmina, shekara 26 kafin Navrongo. UNESCO kuwa, tun 2000 Ghana ta saka shi a jerin wuraren da take neman a amince da su, wato yana layin jira, bai shiga babban jerin ba. Waɗanda suka shiga su ne gidajen Turawa na bakin teku irin su Elmina da Cape Coast a 1979, sai gine-ginen Asante da na ambata a sama. Ku raba gardamar biyu kowa ya ɗauki rabi.

Hanya kuwa daga Akra akwai manyan bas da ke zuwa Bolga kai tsaye, ta Kumasi za su bi da kai. Daga nan Kumasi mu Krofrom muke zuwa mu hau motar Bolga, a bi Techiman, Kintampo, a haye kogi a Buipe a sake hayewa a Yapei, Tamale, Walewale, sai Bolga, sama da kilomita 500, yini ne cur ko kwana a hanya. Daga Bolga zuwa Navrongo wajen kilomita 30 ne, motoci na tashi koyaushe, in ka sauka duk mai keke ko mai mashin da ka cewa tsohon cocin Roman zai kai ka. Paga na gaba kaɗan dab da iyakar Burkina, ka ga kadoji, amma dan Allah kar ka tsaya nan ka juyo, ka ƙarasa Pikworo inda aka riƙa tsare bayi, ka ga ramukan da aka fafe a jikin dutse suna cin abinci a ciki. Wannan tarihin ya shafe mu kai tsaye, ya kamata ɗan zango ya tsaya wurin ya yi shiru na ɗan lokaci.

Ka je tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Maris da Afrilu zafin can yana haura digiri 40 kuma lokacin sanƙarau ne, Agusta da Satumba kuma ruwa. Ka tafi da man leɓe da rigar sanyi dan asubahin hunturun can ba irin na Nima ba ne. In ka isa ka fara neman ofishin cocin ka yi sallama ka faɗi abinda ya kawo ka, kar ka faɗa ciki kai tsaye da waya a sama, ka tambaya kafin ka ɗauki hoto, in ka tarar ana ibada ko jana'iza ka jira a waje. Sutura irin wadda zaka shiga gidan surukai da ita ta isa. Wajen da limaminsu ke tsayawa daga gaba ba'a hawa. Zanen bango kuma in zaka taɓa ka tambaya tukun, ni sai da mai yi mana jagora ya ce bismillah na ɗora hannu, kuma in ku da yawa ne gara a bari, hannu arba'in masu gumi a kan farar ƙasa ba ƙaramin aiki za su bar wa matan da ke gyarawa ba. Akwai ɗan gidan tarihi a harabar, ka leƙa, sannan ka riƙe 'yan sidi a aljihu na abinda za'a ce ka bayar ko ka saka a akwatin gyara.